Maganar Asu Nake Yi

Masu karatu, kun cika min akwatin saƙo da tambaya ɗaya: wai ta yaya ranar da mahaifiyar saurayina ta amince da ni ta zama ranar da na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji kukana? To ku gyara zama. Wanda ya san zai yi min dariya ya yi ta tun yanzu ya gama, domin da asu labarin ya fara.

E, asu. Dangin malam-buɗe-littafi, waɗannan masu launin toka da ke zagaye ƙwan lantarki kamar an aiko su. Nawa ba mai cin tufafi ba ne, wanda tsutsarsa ke cinye masara a gona ne. Digiri na biyu nake yi a kansa. Kullum da safe ina sanye da farar riga a wani ɗaki mai sanyi, cike da kwalabe da akwatunan raga, ina yanka ganye ina ciyar da tsutsotsi, ina leƙa ƙwai a madubin ƙara girma. Autarmu ce ta raɗa min Uwar Asu, sunan kuma ya bi ni har Abba ma wani lokaci da shi yake kirana.

Mu shida ne a wurin iyayenmu, duk mata, ni ce ta huɗu. In ka zo bakin ƙofar falonmu za ka ga takalma masu tsini da silifa kala-kala sun yi layi, sai na Abba baƙaƙe guda biyu a gefe kamar na baƙo. A unguwa ba a kwatance da sunan Abba, cewa ake gidan 'yan mata. Mu abin bai taɓa damunmu ba. Umma ce ya dama, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Gwaggo, yayar Abba, duk haihuwa sai ta leƙa zanen jariri ta ce, "Au, an sake?" Har yau in ta zo sai ta sako maganar a tsakiyar hira, wai wasu matan haka cikinsu yake, ba ya riƙe namiji. Umma sai ta yi murmushi ta gyara kofuna a faranti. Shi kuma Abba bai taɓa goranta mata ba, wannan zan shaida ko a ina. Amma bai taɓa cewa yayarsa ta bari ba. Ƙara sautin rediyo kawai yake yi.

Saurayina kuwa, a wayata Mai Sola na rubuta shi tun ranar farko, ban kuma canza ba. Ɗauke wuta ne ya haɗa mu. Firjinmu ya sha narkewa da samfurin da na wahala a kansa, har shugaban sashe ya gaji da kukana ya sa a kafa mana sola. Shi ya zo da tsani da fensir a bayan kunne, ya tsaya yana kallon akwatunan raga.

"Malama, waɗannan ƙwarin wace gwamnati suke yi wa aiki aka saka musu na'urar sanyaya ɗaki?"

"Ka yi aikinka, malam."

"Ni gidanmu fanka ce, ita ma sai an tura ta da hannu."

Na yi niyyar ɗaure fuska, dariya ta ƙwace min. Aikin da ya kamata ya gama a sati bai gama ba sai da wata ya zagayo, kullum da wata waya da ya ce ya manta bai ɗaure ba. Mutum ne mai kirki, ba zan rage masa ba. In na yi dare a aiki yana waje a mota yana jira, in na yi fushi ya san lokacin da zai yi shiru. Aibinsa ɗaya ne, da rabin kunne yake saurare. Kana cikin magana yana gyaɗa kai yana "na gane, na gane," alhali kan maganar kawai ya kama, ya bar maka jelar.

Da maganar aure ta taso, a wurin mahaifiyarsa aka samu tsaiko. Hajiya shi kaɗai ta haifa, mijinta ya rasu tun yana ƙarami. Da ta ji mu shida ne mata zalla, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi a dakata. Ku da kuka san manya kun san wannan dakatawar, tana iya kai mutum furfura. A gida kuma yayyena uku duk suna ɗakunansu, ido ya dawo kaina. Yaya Babba kullum sai ta turo saƙo: "Ina labarin mai wutar nan? Ko layin nasa ne ya yanke?"

Ana nan sai sakamakon gwajina ya fito. Bari in yi muku bayani a taƙaice, ku saurara da kunne biyu, kada ku yi irin ta wani. A jikin asu akwai zaren gado iri biyu da ake kira Z da W. Namiji yana da Z biyu, mace tana da Z da W. Saboda haka uba Z kawai yake iya bayarwa, ita uwa ce take ba ƙwai ko Z ko W, daga nan ake samun namiji ko mace. Abin da nake bi shi ne me ke faruwa a cikin ƙwan tun bai ƙyanƙyashe ba: wace ƙwayar gado ce ke kunne, wace ce ke kashe. Ranar na ga abin da nake nema. A ƙwai marasa W, wata ƙwayar gado tana aiki da ƙarfinta. A masu W an rufe mata baki, ta yi tsit. Kamar dai W ɗin yana da hannun da yake miƙawa ya kashe makunni. In aka fahimci wannan sosai, wata rana za a iya rage matan asu masu zuba ƙwai a gonakin mutane.

Don murna na kira Mai Sola. Ya zo da ƙurar rufin wani gida a rigarsa, na zaunar da shi gaban kwamfuta ina nuna masa layuka ja da shuɗi. Ina ta zuba, shi kuwa fuskata yake kallo.

"Wato mace ce ke riƙe da makunnin?"

"A wurin asu, e."

"Kuma ke kin gano inda yake?"

"Na ga alamarsa dai. Da sauran aiki mai yawa kafin—"

"Na gane, na gane. Kai, Allah Ya yi miki baiwa."

Na ji daɗi har kunnena. Da na san inda wannan "na gane" za ta kai ni, da na sa shi ya maimaita min kamar ɗan aji ɗaya.

Washegari ina cikin wanke kwalabe wayata ta yi ƙara, saƙo daga wurinsa. "Albishirinki!" Na goge hannu na rubuta, "Goro." Sai ga wani: "Hajiya ta amince. Ta ce za ta zo da kanta ta ga Umma." Da hoton zuciya har guda nawa. Na zauna a kan kujerar aiki. Sai da na karanta sau uku sannan wani abu ya tsaya min a rai. Matar da ta yi watanni tana a dakata, me ya sauke ta a yini ɗaya? Na kira shi.

"Me ka ce mata?"

"Gaskiya na faɗa mata. Na ce bincikenki ya nuna daga wurin mace ne ake samun namiji ko mace, kuma kin gano makunnin abin."

"Ka ce mata asu?"

Ya fara kame-kame.

"Ina tambayarka, ka ce mata asu?"

"Na ce bincike."

"Inna lillahi! A wurin mutane ba haka ba ne, akasin wannan ne! Mace X biyu gare ta, namiji ne ke da X da Y. Daga ɓangaren uba abin ke zuwa, shi ma ba zaɓa yake ba. Kuma ni ba ni da wani makunni!"

"To ai ba ki ce min haka ba."

"Na ce a wurin asu!"

Na ji yana sauke numfashi. Can ya sassauta murya, irin wadda yake yi in yana so in yafe masa latti. Wai Hajiya har hawaye ta yi, ta ce tunda yarinyar ta san sirrin, ba za ta bari abin gidansu ya biyo ta ba. Wai rabon da ya ga tana dariya haka ya manta. "Ki bar ta a haka, don Allah. In an yi auren sai mu warware mata a hankali. Ai ba ƙarya muka yi ba, fahimta ce ta zo a karkace. Ko ba kya son mu?"

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Ina son sa sosai. Na ce a raina, to mene ne? Tsohuwa ce ta ji abin da take son ji, wa aka cuta? Na ce masa zan yi tunani, na ajiye wayar, har na fara tunanin kalar labulen da zan saka a ɗakina.

Wadda aka cuta tana gida tana guga. Na shigo da yamma na same ta a ƙaramin falo, kayan Abba a jere a kan kujera, ƙamshin sitati ya cika ɗakin. Ba ta ɗago ba. Ta juya hannun riga ta bi shi da dutsen guga a hankali.

"Hajiya ta kira ni," ta ce. "Mace mai mutunci. Mun daɗe muna hira."

"To, Umma."

"Ashe abin da kike yi kenan a wurin ƙwarin nan. Ta ce kin gano daga uwa ne."

Jakata ta zame daga kafaɗata. "Umma, ba haka ba ne, wallahi asu—"

"A'a, kada ki lallashe ni. Ni ba yarinya ba ce." Ta yi murmushin nan nata na gyara kofuna. "Da ina cewa ko Gwaggonku ce ke da baki. Yanzu tunda ilimi ya faɗa, kuma ilimin 'yata, ai sai in ce alhamdu lillahi. Gara da na sani."

"Umma, ki saurare ni. A mutane daga wurin..." Ku gaya min, wace 'ya ce za ta tsaya gaban uwarta, rigar ubanta a tsakaninsu, ta buɗe wannan maganar? Na dai daure na ce, "Ba daga uwa ba ne."

Ta dube ni da tausayi, wai ni take tausaya wa. "Jiya kin ce daga uwa ne, yau kin ga fuskata kin ce ba haka ba. Allah Ya yi miki albarka, kina da zuciya mai kyau. Amma ki ji ni da kyau, ranar da matar nan za ta zo ban yarda ki buɗe baki ki ɓata aurenki ba. Abin da na ɗauka tun kafin a haife ki ba yau zai yi min nauyi ba."

Ta ninke rigar ta ɗauki wata. A nan ne na wuce banɗaki na buɗe famfo. Na gane duk abin da zan faɗa mata mu biyu a ɗaki, lallashi za ta ɗauke shi. Ƙaryar ta shigo da shaida daga waje, gaskiyata kuwa ba ta da kowa sai ni.

Kwanakin da suka biyo baya wayata ba ta huta ba. Shi: "Kin yi shiru." Shi kuma: "Ki daure, sati kaɗan ne fa." Yaya Babba: "Ki kama bakinki, mun san halinki." Auta ce kaɗai ta zauna a bakin gadona tana cin gyaɗa ta ce, "Ni dai Umma ta daina raira waƙa a kicin, ko ba ki lura ba?" Na lura.

Ranar ziyara tun da hantsi aka goge falo, aka canza rigunan kujeru zuwa masu ruwan madara da ba a fito da su sai da dalili. Umma ta sa leshinta ruwan toka da 'yan kunnen zinare ƙanana. Ni aka sa ni atamfa kore mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, da mayafi ruwan ƙwai da Auta ta ɗaura min da allura har uku, wai don kada in yi ta ja kamar yadda na saba. Hajiya ta iso bayan la'asar, doguwa, siririya, cikin farin leshi da tabarau mai igiya. Ɗan nata ne ya tuƙo ta. Ya sha farar shadda, ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana juya mukullin mota a hannu. Abba ya fito suka gaisa, ya koma ɗakinsa da labule kawai ya raba shi da falo.

Zan so in ce muku muguwa ce, da labarin ya fi sauƙi. Ba muguwa ba ce. Ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta ce yatsuna irin na masu haƙuri ne. Ta ba da labarin yadda dangin mijinta suka yi ta yi mata gorin ɗa ɗaya, yadda duk zazzaɓin da ya yi yana yaro ba ta runtsawa. "Ba ƙin mata nake ba," ta ce. "Tsoro nake kada gidan ya ƙare a kansa." Har na ji ta shiga raina.

Sai ta juya wurin Umma da ke zuba shayi, ta dafa gwiwarta.

"Ke kam 'yar'uwa, zamani ne bai zo miki da wuri ba. Da a lokacinki akwai wannan ilimin, da an duba ki an gyara miki. Amma ba komai, ga shi 'yarki za ta rama miki."

"Haka ne," in ji Umma.

Bakin butar ya bugi kofin, shayi ya zuba a faranti. Ta sa gefen tawul ta goge da sauri tana cewa, "Ku yi haƙuri, hannun ne." Haƙuri take bayarwa, a falonta, a gaban 'ya'yanta.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Daga kujerar bakin ƙofa ne. "Don girman Allah." Na kife ta.

"Hajiya, ki gafarce ni, ina da magana."

Umma ta watso min ido. Na kawar da kai, don in na dube ta ba zan iya ba.

"Abin da aka gaya miki, maganar asu nake yi. Ƙwarin da nake kiwo. Su ne uwa ke bayar da abin da ke sa a zama namiji ko mace. Mutane ba haka Allah Ya yi mu ba. A wurinmu abin da uwa ke bayarwa iri ɗaya ne kullum, daga ɓangaren uba bambancin ke zuwa. Shi ma uban ba shi da zaɓi, ba laifin kowa ba ne. Babu abin da za a duba a jikin Umma, babu abin da za a gyara."



"Makunnin fa?" in ji Hajiya.

"Ba ni da shi. Ko asun ma kallonsu kawai nake, ban iya juya su ba. Zan iya haifar maza, zan iya haifar mata zalla. Gara ki sani yau."

Ta saki hannuna. Ta cire tabarau ta dubi ɗanta.

"Kai, ƙarya ka yi min?"

"Hajiya, ba ƙarya ba ce, ni dai yadda na—"

"Ka san haka kafin mu fito?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Da farko rabi ya ji, Hajiya, ba da gangan ba ne." Ban san me ya sa nake kare shi ba, alhali ni ma haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi.

Ta miƙe ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Umma, "Na gode da karamci," ta ce masa, "Tashi mu tafi," ta sa takalmi ta fita. Ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, ya dube ni. Sannan ya bi ta.

Na zauna ina jiran faɗan Umma, na ma shirya masa. Sai na ji ta damƙi wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Sake faɗa."

"Umma?"

"Abin da kika ce. Ba don ki faranta min ba?"

"Umma, kin ga wadda ta fita."

Ta dubi ƙofar, ta dubi kofin Hajiya da ko kurɓa ba a yi ba, ta dawo da ido kaina. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Umma ba sai ranar. Ba ta share ba.

"To sake faɗa."

Na fara maimaitawa a hankali. Ta girgiza hannuna, ta nuna labule da haɓa.

"Ɗaga murya. Abbanki na ciki."

Na ɗaga. Ina cikin faɗa na ji ƙofar mota ta rufe a waje, guda ɗaya. Na ci gaba da magana, Umma na riƙe da hannuna, kunnena yana bakin titi. Har na kai ƙarshe ban ji ta biyun, ta gefen direba, ta rufe ba.